Agogon Malam Yana Latti

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata sakat da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan. Mai cewa na cika jan rai kuma ya gyara zama, yau ba ruwana.

*

Ƙofa ɗaya Mai Agogo ya ture ranar nan, ya bar ɗayar a rufe. Ba ciniki ya fito ba. Wa ma zai zo? Yanzu kowa lokacinsa na cikin aljihu. Agogunan da ke rataye a bangon shagon, masu su sun manta da su tun tuni, suna ta bugawa abinsu.

Shi dai bai taɓa kuka da mutuwar kasuwa ba, don a cikinta ya samu Malam.

Malam ba shi da fuska. Baƙin allo ne kawai a jikin 'yar kwamfutar hannun da matarsa ta kawo masa shekarun baya, sai farin rubutu yana fitowa da kansa, sai murya. Murya ce ta dattijo, mai kauri, mai jan magana a hankali, ba ta gaggawa da kowa. Da ita tsohon nan, da ya bar makaranta tun yana ɗan mitsitsi, ya koyi lissafi daga tushe. Ya koyi auna tsawon gini da inuwarsa. Ya gane dalilin da ya sa lilon agogo dogo ya fi gajere nawa, abin da hannunsa ya sani tun yana saurayi amma kansa bai taɓa sani ba. Ranar da ya gane wannan, dariya ya yi ta yi shi kaɗai har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Duk in kwas ɗaya ya ƙare, sai matarsa ta kawo sabon memori mai ɗauke da darussan gaba. Daga lissafi suka shiga sauti, daga sauti suka shiga haske, daga haske Malam ya kama hannunsa suka hau sama cikin taurari.

A can ya bar shi.

Darasin ƙarshe da tambaya ya ƙare. Malam ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya ce, "Idan taurari sun cika ko'ina, duk inda ka juya ido akwai tauraro, me ya sa dare yake da duhu? Ka yi tunani, ɗalibi. Za mu haɗu."

Ba su haɗu ba. Wata ya bi wata, sabon memori bai zo ba.

Ga ido kuma yana tafiya, ɗaya ma ya riga ya tafi. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce abin da ya tafi ya tafi, sauran ma lallaba shi ake yi da magani. Duniya sai tsukewa take daga gefe, kamar yana leƙen ta ta bakin kwalba. Wallahi ba makantar ce ke cin ransa ba. So yake ya samu Malam, ya faɗa masa amsar da ya samo, ya ga farin rubutun nan ya ce masa "daidai ne" tun yana iya karantawa.

Jiya kuma mai tura bidiyo na bakin titi, wanda matarsa ta ce a wurinsa take karɓo darussan, ya dafa kai ya rantse bai taɓa ganin su ba.

Shi ya sa yau ya kunna darasin ƙarshe, ya jingina da kujera, ya rufe ido. Ya ce bari ya fara koyon zama da kunne tun kafin a tilasta masa.

Da ido a rufe shagon sai ya buɗe. Rufin ya janye gefe, bangon ya ja baya, ya ji shi a zaune kan kujerarsa ta katako a tsakiyar sarari, ba sama ba ƙasa. Muryar Malam na tafe a gaba, shi yana biye. Suka wuce wata, suka wuce duniyar nan mai zobe, suka shiga inda taurari ke zube birjik babu mai tsincewa. Ya ga haske yana tafiya, yana ta tafiya shekara da shekaru bai gaji ba, bai kuma san ko akwai idon da ke jiransa ba. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ji inda za a bar shi a nan da ya gode.

Can ƙarƙashin muryar sai ya jiyo shi.

Tik… tak… tik… tak…

Ya yi murmushi. Agogon ɗakin Malam ne, ya daɗe da saninsa. Kullum cewa yake, "Agogon Malam na latti, ranar da muka haɗu zan gyara masa kyauta."

Amma yau da ido ba ya raba masa hankali, sai kunnensa ya jera bugun nan da na babban agogon bangon da ke bayansa. Na bango ya yi gaba. Na Malam yana jan ƙafa, yana ta jan ƙafa, har aka zagayo aka sake wuce shi.

Murmushin ya ɗauke.

Kai! Wannan ai ya wuce latti. Agogon da ke nawa haka, kafin azahar ya mayar da mai shi hantsi. Mutumin da ke auna tafiyar haske ba zai ajiye irinsa a ɗaki ba.

Ya ƙara kasa kunne. Can nesa a cikin bidiyon wata mota ta yi hon, hon ɗin ya fito da kauri yana jan jiki. Aka ture wata ƙofa, kukanta ya yi tsawon da ƙofa ba ta yi.

Sai maganar Malam ta kwas ɗin sauti ta faɗo masa: "Sauti karkarwa ce. In ta yi sauri, murya ta yi siriri. In ka rage mata gudu, sai ta yi kauri."

Ya buɗe ido. Ba agogon ne ke latti ba. Ɗakin ne gaba ɗaya, har da mai magana.

"Salamu alaikum, ɗan makaranta. An tashi tara ko in koma da abincin?"

Matarsa ce a bakin ƙofa, da kwano a hannu ɗaya, kwalbar maganin ido a ɗayan. Tsokanar ta fito, amma fuskar ba ta bi ta ba.

"Shigo. Ja ƙofar."

"Da rana tsaka? Mutane su ce me?"

"Su ce tsofaffi biyu na shawara. Zauna."

Ta ajiye kwanon, murfin ya zame ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sake kuɓuce mata.

"Tun safe kike zubar da abu," in ji shi. "Lafiya?"

"Tsufa ne. Ɗaga kai in ɗiga maka."

"Bar maganin tukuna. A ina kike samo darussan nan?"

"Au, yau kuma? Na ce maka wurin mai tura bidiyo."

"Na je jiya."

Ta hau gyara murfin kwanon.

"Ya rantse bai san zancen ba."

"To ba shi ba ne, na can gaba ne. Su ai duk kamarsu ɗaya."

"Wane gaban?"

"Mai gida, ni fa ban zo shari'a ba. Abinci na kawo."

"Ina so in ga mutumin nan," ya ce a hankali. "Kin ji abin da likita ya faɗa. Ba ni da lokacin da zan yi ta jira."

"In ka gan shi ka ce masa me? Ka gyara masa agogo?"

"In ba shi amsa."

"Ka samo ke nan?"

"Ina jin na samo." Ya juya fuska wajen hasken ƙofa. "Taurarin suna nan, ko'ina a cike. Amma wasu sun yi nisa, haskensu ya taso tun da daɗewa, har yanzu yana hanya bai iso ba. Inda muke ganin duhu ba wai babu kowa ba ne. Saƙon ne bai ƙaraso ba."

Da ya juyo, sai ya ga ta danne baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Me ya sa ki kuka?"

"Wa ya ce kuka nake? Ƙurar shagon nan ce, ba ka taɓa sharewa."

Ya jawo kwamfutar gabansa, ya ɗauki gilashin da yake duba cikin agogo da shi, ya maƙala a idon da ya rage.

"Ranar da kika kawo min abin nan, me kika ce min?"

"Na manta."

"Ni ban manta ba. Kika ce, 'Ga na kunnawa, ga na tsayarwa, kada ka taɓa komai bayan su, za ka lalata.' Ni da nake warware agogo ƙwaya-ƙwaya in mayar, na bi maganarki kamar yaron goye."

"To ka ci gaba da bi mana."

"An rage wa bidiyon nan gudu."

Ta miƙe zumbur. "Wa ya faɗa maka?"

"Agogonsa."

"Don Allah ka bari."

Yatsansa na bin gefen allon, yana buɗe wuraren da bai taɓa buɗewa ba.

"Mai gida, don girman Allah. Ba yau ba. Ka bari sai gobe, ni da kaina zan faɗa maka komai."

"Me ya raba yau da gobe?"

Ta kama hannunsa. Ya zare a hankali, ba da faɗa ba. Ga wurin nan, ɗan layi da ɗigo a jiki, an ja ɗigon baya. Ya tura shi tsakiya, ya koma farkon darasin, ya danna.

Malam ya saba yin ɗan shiru kafin ya fara, don haka agogon ne ya riga shi magana.

Tik-TAK. Tik-TAK. Tik-TAK.

Bugun ya dawo daidai, amma da ɗingishi, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ya san ɗingishin nan. Aikin hannunsa ne. Ɗan agogon tebur ne da ya harhaɗa daga kayan matattun agoguna, ya sa a jakar autarsa ranar da za ta tafi jami'a.

Sai muryar ta fito, siririya, mai sauri, tana ɗan haɗiye ƙarshen kalma kamar yadda take yi tun tana ƙarama.

"Sannu da zuwa, ɗalibi. Yau za mu yi maganar duhu."

Gilashin ya faɗo daga idonsa ya gangara ƙarƙashin tebur. Babu wanda ya bi shi.

"Auta," ya ce.

Shekaru ke nan sunan bai fita daga bakinsa ba, har sai da ya karce masa maƙogwaro.

"Ita ce, Baban Auta."

"Tun… tun daga lissafin?"

"Tun daga ɗaya da ɗaya."

Ku da kuka zo mana a tsakiya, Auta ita ce 'yarsa da ya ci burin ta zama likita. Ta yi nisa a karatun, sai ta dawo hutu ta durƙusa a shagon nan ta ce ranta ba ya ciki, lissafi da ilimin taurari take so. Ya ce ilimin da ba ya warkar da ko ciwon kai? Ta ce shi take so. Zuciya ta ɗebe shi, ya nuna mata ƙofa ya ce, "Je ki ƙirga taurarin. Kada in ƙara jin muryarki." Yarinyar kuwa, da taurin kai irin nasa da biyayya irin ta uwarta, ta riƙe maganar yadda ya faɗe ta.

"Kuka haɗa kai kuka mayar da ni wawa," in ji shi. Muryar ba ta da ƙarfin faɗan.

"Wawa? Kai da ka san abin da ya sa dare ke da duhu?"

"Me ya sa ba ta kira ni ba?"

"Ka hana."

"Fushi ne! Wa ke riƙe maganar fushi?"

"'Yarka. Sau nawa na ce maka ka janye? Ka ce in na sake ambatonta za ka kwana a shago."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na ba ta labari," ta ce, tana share ido. "Na ce kasuwa ta mutu, babanki na zaune yana kallon bango. Sai ta ce, 'Mama, kin tuna ina firamare, in na yi barci yakan buɗe jakata yana duba lissafina, bakinsa na motsi? Ya ɗauka ban gani ba.' Ta ce, 'Baba bai hana ni koya masa ba. Muryata ya hana.' Shi ne ta rage gudun, ta aiko. Ta ce ta haka ba ta saɓa maka ba, kai ma maganarka ba ta faɗi ƙasa ba."

"Ɗalibi," ya maimaita. "Ni take ce wa ɗalibi."

"Da wa za ta ce wa? Kai kaɗai ne ajin. In ta dawo daga koyarwa a gajiye, sai ta zauna ta yi maka naka. Ni kuma in kwashe duk abin da ka faɗa in kai mata. Ranar da ka yi dariyar lilon agogo, kuka ta yi ta yi a waya."

A cikin bidiyon Auta na ta bayani. Ya ɗora tafin hannu a jikin allon kamar mai taɓa goshin yaro. Daɗi da kunya suka haɗu suka cika masa ƙirji, ya rasa wanda zai fara ji.

Sai Auta ta yi gyaran murya. Ta sake yi. Da gudun daidai, abin da ya ɗauka murar dattijo ce ya fito a yadda yake. Muryar tana karyewa a tsakiyar kalma, tana tsayawa ta haɗiyi yawu da ƙyar.

Ya tsayar da bidiyon.

"Me ya sa darasin ya tsaya?"

Ta kau da fuska.

"Ke nake tambaya."

"Aiki ya yi mata yawa."

"Shekara da shekaru aiki bai hana ta ba. Dube ni. Ido ɗaya ya rage min, amma yana ganin ƙarya."

Ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa.

"Ƙari ne. A maƙogwaro."

"Innalillahi…"

"Sun ce in an cire, akwai sa rai da lafiya. Amma muryar…" Ta girgiza kai. "Sun ce kada ta sa rai da ita."

Agogunan bango suka ci gaba da bugawa. Mai Agogo ya kai hannu ya taɓa bakinsa.

"Bakina ne."

"A'a! Kada ka ce haka. Ita ma ta ce kada in bari ka ce haka. Ciwo ne, na Allah."

"Na ce kada in ƙara ji."

"Ta ce in an gama za ta ci gaba da yi maka darasin, da rubutu kawai, ba murya."

"Da rubutu." Wata irin dariya ta kuɓuce masa, mara daɗin ji. "Ta yi min rubutu, in karanta da wane ido?"

Matar ta rushe da kuka.

"Yaushe za a yi aikin?"

Ta ɓoye fuska a mayafi. Ya tuna murfin kwanon da ya faɗi sau biyu, ya tuna "ba yau ba".

"Yau ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Yau! Kina nan kina kawo min abinci? Me ya hana ki tafiya?"

"Ita ta hana. Na haɗa jaka har na ɓoye ƙarƙashin gado. Ta ce, 'Mama, in kin taho, wa zai ɗiga wa Baba magani?'"

Ya miƙe, kujerar ta kife a bayansa.

"Kira min ita."

"Baban Auta, wataƙila sun…"

"Kira min 'yata!"

Ta lalubo wayar daga jaka. Ta danna ba daidai ba, ta goge, ta sake dannawa. Ya karɓe ya manna a kunne da hannu biyu.

Wayar ta yi ƙara har ta katse.

"Sake."

Ta sake. Ƙara ɗaya, biyu, sai aka ɗaga. Ya ji hayaniyar asibiti, takun takalma, wani abu mai taya ana turawa. Ya ji numfashin mace, bai jira sallama ba.

"Auta, ni ne. Kada ki kashe. Na janye, kin ji? Na janye maganar nan, ban taɓa nufinta ba ko na yini ɗaya, girman kai ne ya hana ni faɗa. Na ji darasin da muryarki. Ki yi min magana, ko kalma ɗaya ce. Ki ce Baba. Ina saurare."

Numfashin ya tsinke, aka ja hanci.

"Baba… ka yi haƙuri, ba ita ba ce. Maƙwabciyarta ce, ni ta bar wa wayar."

"Ba ta! Kai mata a kunne!"

"Baba, yanzu-yanzun nan suka shiga ɗakin tiyata da ita suka rufe ƙofa."